Shekarar da Baffa Ya Rabar da Irin Karatuna

Na sha jin ku kuna ba 'ya'yanku labarin nan a karkace. Ke Bilki kin fi kowa, har cewa kike yi wai kakanku ya kwashe mini digiri ya rabar sadaka a Ɗanzomo, ni kuma na yi wata guda ban gaishe shi ba. Na farkon akwai ƙamshin gaskiya a ciki, na biyun kuwa ƙarya ce tsagwaronta, don ni ban taɓa yin gaba da Baffa ba, kuma ko na so ban isa ba. Tunda Allah ya ara mini rai har na zauna ina rubuta waɗannan abubuwa, bari in faɗa muku yadda aka yi, ku daina ƙara masa gishiri.

A lokacin ina koyar da aikin gona a makarantar 'yan mata a Gumel, ba a daɗe da ba mu jiharmu ba, babanku kuma yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Na samu shiga jami'a a birni don yin digiri na biyu, na gama darussan aji lafiya, sai kundi ya rage. Kundi shi ne binciken da ɗalibi zai yi da kansa, ya rubuta, ya tsaya gaban malamai ya kare. Nawa a kan gero ne. Zan tattaro irin geron da manomanmu suka gada, in shuka su jere da juna a gonar gwaji ta jami'a, a ga wanne ya fi jure ƙarancin ruwa. Haka na gabatar, haka kwamiti ya amince, haka aka rubuta. Abin da ba ku sani ba game da jami'a shi ne, in kwamiti ya amince da abu, to ya zama dutse, ko harafi ɗaya ba ka isa ka taɓa ba sai ka koma ka nemi izini. Akwai kuma wa'adi. An yanka wa kowane ɗalibi shekarun da zai yi, in suka cika bai kare kundinsa ba sai a soke sunansa, in yana so ya sake neman shiga daga farko. Ni kuwa yajin aiki ya ci mini wani lokaci, haihuwar Bilki ta ci wani, har na riga na yi amfani da damar dakatar da karatu da ake ba mutum sau ɗaya. Damina ɗaya tak ta rage mini.

Da kaka na shiga yawon neman iri. Na zaga ƙauyukan Gumel, na je Maigatari ranar kasuwa na samo na mutanen Damagaram, na shiga Gagarawa, na bi ta Sule Tankarkar. Na samo zango mai dogon kai, na samo mai gashi wanda tsuntsu ba ya iya ci, na samo wasu da ba su da suna sai dai a ce na gidan wane. Kun san halin mutanenmu, in na roƙi cikin tafi ɗaya sai a cika mini ƙwarya, in na ce ya yi yawa a ce raini ne. Haka na tara abin da ya ninka bukatata. Na zuba kowanne a gorarsa, na gauraya da toka saboda ƙwari, na toshe baki, na rubuta sunan garin da fenti a jiki. Gidan hayarmu na Gumel ɓeraye sun fi mu iko da shi, don haka babanku ya ce a kai gorunan Ɗanzomo, a ajiye a ɗakin ajiyar mahaifinsa. Da aka sauke su Baffa ya tambayi ɗansa mene ne, shi kuma don ya taƙaita magana ya ce masa irin gero ne na Malama. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma har gobe ina cewa in ana neman mai laifi a wannan labari, to a fara da babanku.

Ku da kuka tashi a birni sai na yi muku bayanin yadda nake da Baffa. Surukina ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in zan gaishe shi daga bakin zaure nake durƙusawa, kaina a ƙasa. Shi ma kunyata yake ji. In yana da magana da ni sai ya faɗa wa Inna, kakarku, ko da kuwa ina zaune a tsakar gidan ina jin sa. Yana alfahari da ni ƙwarai, duk baƙon da ya zo sai ya ji cewa matar ɗansa tana karatun da ya wuce na alƙali. Amma mene ne karatun, bai taɓa tambaya ba, ni kuma ban ga ta inda zan fara ba.

A shekarar ruwa ya sauka da wuri a wajenmu. Mutane suka yi murna suka fita suka shuka, tsiro ya fito kore shar, sai sama ta ɗauke. Rana ta ƙone shukar ƙurmus. Masu ƙarfin hali suka sake binne iri a busasshiyar ƙasa, shi ma yayyafi ya taɓa shi ya ruɓe. Da ruwan gaske ya zo daga baya, gidaje da yawa a Ɗanzomo ba su da ko ƙwayar da za su jefa a rami. Ni duk ban san wannan ba, ina Gumel ina jiran saƙo daga jami'a cewa an gyara mini fili. Da saƙon ya zo na ɗauki shatar a-kori-kura, na goya Bilki, muka nufi Ɗanzomo ɗaukar goruna. Na shiga da sallama, na gaida Inna, na sha ruwa, na ce mata na zo kwasar kayan nan. Sai ta yi dariya, irin ta mai shirin ba da albishir.

"Ai kayanki sun yi albarka, 'yar nan," in ji ta. "Garin nan kaf ke ake sa wa albarka. Malam ya raba wa mutane, har sun yi noman fari."

Na ce, "Inna, ya raba me?"

"Irin mana. Mutum ya zo ƙofarka yana neman iri, ƙasa a jiƙe, kana da shi a ɗaki, ka ce masa me? Kada ki damu, da kaka kowa zai mayar miki har da ƙari."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na leƙa ɗakin, wayam, sai shatin gindin goruna a ƙasa. Na zagaya bayan rumbu na zauna na yi kuka mai isata, Bilki a bayana tana taya ni ba tare da ta san dalili ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda zan yi wa faɗa. A garinmu ba a hana iri. Ana iya hana mutum rance, ana iya hana shi aron jaki, amma wanda ya hana iri ranar shuka, har jikokinsa sai an goranta musu. Baffa ya yi abin da ubansa zai yi ne, kuma da ni ce a wurinsa ban san me ke cikin gorunan ba, da abin da zan yi ke nan. Na sallami mai mota ya koma fanko.

Da yamma babanku ya iso a babur, na faɗa masa, ya shiga zaure wajen mahaifinsa. Ina daga tsakar gida ina jiyo su. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya fito da maganar, ya ce wannan iri da shi za a yi mata jarrabawa, in babu shi karatun shekara da shekaru ya tashi a banza. Can sai na ji muryar Baffa ta canza.

"Kai, ka ce mini irin gero ne. Ba ka ce mini irin karatu ba ne."

Ya kira Inna, ya ce ta faɗa wa Malama ta kwantar da hankalinta, wanda ya yi ɓarna shi ke zuwa ban haƙuri, gobe da shi za a je birni wajen malaminta. Babanku ya yi ta ƙoƙarin nuna masa cewa jami'a ba fadar dagaci ba ce, ba a zuwa biko. Baffa ya ce shi bai taɓa jin inda mutane suke ba a ba su haƙuri ba. Washegari ya sa babbar rigarsa ta Idi, ya naɗa rawani, ya sa aka kamo zabi biyu aka ɗaure musu ƙafa, ya ƙulle goro a ganye. Haka muka shiga mota, shi a gaba, ni a can baya ina addu'ar kada in haɗu da wanda na sani.

Malamin da ke duba aikina sunansa Dokta Ishaya, Kirista ne daga tsakiyar ƙasar nan, amma ya yi ƙuruciyarsa a Gumel lokacin da mahaifinsa ke aikin asibiti, don haka Hausarsa har ta fi tawa gishiri. Mutum ne mai tsanani a kan aiki, jan bironsa ya sa ɗalibai maza kuka. Muka hau bene, zabi suna ta kwarmato a baranda, sakatarori suna leƙowa. Baffa ya tuɓe takalmansa a ƙofar ofis, ya shiga, ya nemi durƙusawa. Dokta ya yi tsalle daga kujera ya riƙe shi.

"Haba Baba, wane ni! Don Allah zauna a nan."

"Ranka ya daɗe, ni ne mai laifi," in ji Baffa. "Yarinyar nan ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. In akwai hukunci a yi mini, ita a bar ta ta yi jarrabawarta."

Dokta ya dube ni, na ba shi labari kaina a sunkuye. Na ga ya cire tabarau ya dafe goshi, na ce shi ke nan, ta ƙare. Sai ya juya ga Baffa ya fara yi masa tambayoyi. Ya ce da aka zo rabon, an juye gorunan wuri ɗaya ne? Baffa ya ce subhanallahi, wa ke gauraya iri, kowace gora gida biyu ko uku suka raba, kuma ya ce kowa ya shuka nasa a gefe guda don a gane shi ranar mayarwa. Dokta ya ce duk a ruwa ɗaya aka shuka? Baffa ya ce ruwa ɗaya, don babu wanda ya yarda ya sake jira. Dokta ya kaɗa biro, sannan ya fashe da dariya.

"Hajara, gwajinki yana nan a ƙasa, gona kawai ya canza. Amma kada ki yi murna tukuna."

Ya zayyana mana dokar tiryan-tiryan, yana yi yana fassara wa Baffa da misalin gona. Abin da aka amince mini shi ne gwaji a gonar jami'a. In za a mayar da shi gonakin manoma, sai an canza taken kundin, kuma canza take sai na sake tsayawa gaban malaman sashe na gamsar da su, sannan a kai wa babban kwamitin karatun gaba da digiri. Kwamitin ba zai zauna ba sai bayan gero ya yi ciki, kuma duk awon da na yi kafin a amince ba ya shiga lissafi. Hanya ɗaya ce ta rage. Shugaban kwamitin yana da ikon sa hannu a madadin sauran kafin su zauna, in mai duba aiki ya tsaya wa ɗalibi, ya kuma ɗauki alkawarin zuwa ya ga gonakin da idonsa, sau ɗaya gero na tsaye, sau ɗaya ranar girbi. Sharaɗi na ƙarshe shi ne mai wuya. A kowace gona zan kafa turaku in keɓe wani yanki, kuma ba mai yankar ko kai ɗaya a ciki sai an zo an auna.

"Ko tumu?" in ji Baffa.

"Ko tumu, Baba."

Baffa ya jinjina kai, don ya san abin da ake nufi da a hana mutum gasa sabon gero a gonarsa bayan ya sha yunwar damina. Ya ce ya ɗauka, wannan a wuyansa. Sannan ya tura zabin gaban tebur. Dokta ya ce doka ta hana shi karɓar ko allura daga hannun ɗalibi ko danginsa. Na ga fuskar Baffa ta ɓaci, don a wurinsa mayar da kyauta zagi ne. Dokta ya lura, ya ce a mayar da su Ɗanzomo a ci gaba da ba su dawa, shi bai san dokar da ta hana baƙo cin abincin masu gida ba. Haka muka sauko da zabinmu, Baffa yana cewa wannan malami ɗan mutunci ne.

A cikin makon na tsaya gaban malaman sashe, suka yi mini ruwan tambayoyi, suka amince da ƙyar, shugaban kwamiti ya sa hannu. Daga nan sai shawarar da ta fi kowacce yi mini nauyi. Aikin yana bukatar in tare a Ɗanzomo damina guda, kullum ina cikin gonaki daga hantsi har la'asar, ina auna tsayi, ina ƙirga kai, ina duba ciwo. Ba zai yiwu da goyo ba. Bilki, a lokacin ba ki kai yaye ba, saura watanni. Na yi ta juya abin a raina, daga ƙarshe na miƙa ki ga Inna. Kin yi kuka, na yi kuka, kin rame har na tsorata. Da kika warware kuma sai kika ɗauke mini kai gaba ɗaya, in na dawo daga gona na miƙa hannu sai ki ruga bayan Inna ki ɓuya. Har kika yi wayo ita kike kira uwarki. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na taɓa faɗa miki, kuma in kin ga ina yawan shagwaɓa 'ya'yanki yanzu, to bashin goyonki nake biya.

Ban da wannan, ban taɓa jin daɗin damina kamar waccan ba. Garin kaf ya ɗauki aikin nan nasa. In na wuce da igiyar awo mata suna ɗaga murya daga gona, "Malama, yaya namu yake, yana ƙoƙari?" Maza suna gardama a dandali kan wa zai zo na ɗaya, masu zango suna yi wa masu ɗan Damagaram tsiya wai nasu gajere ne. Wani ya zo ya same ni a asirce ya ce in bar shi ya ƙara wa yankin turakunsa taki, na ce a'a, ya tafi yana gunaguni wai ana hana yaro shiri kafin jarrabawa. Baffa kuwa kullum da safe sai ya zaga turakun nan da sandarsa. Da Dokta ya zo zuwan farko aka yi masa tarba kamar hakimi, aka yanka zabin, ya ci har ya nemi ƙari, ya shiga gona-gona wandonsa a naɗe.

Ranar girbi ce ta so ta ba mu ruwa. Gero ya nuna, amma man fetur ya yi wuya a ƙasa, Dokta ya kasa samun motar zuwa. Kowa ya girbe sauran gonarsa ya bar yankin turaku a tsaye, tsuntsaye suna ta shawagi, ana korarsu da gwangwani. Akwai wani Malam Tanko, mai iyali da yawa da 'yar ƙaramar gona, wanda turakuna suka cinye kusan rabin abin da ya shuka. Ya zo wurin Baffa ya ce shi fa haƙurinsa ya ƙare, yara ba sa cin alkawari. Baffa bai yi masa musu ba. Ya sa aka buɗe rumbunsa, aka ɗebo tsohuwar dawar da ya ajiye wa gidansa, aka kai gidan Malam Tanko, ya ce a ci har malami ya zo. Mu kuma a gida Inna ta rage hannu a tukunya. Da ƙyar Dokta ya iso a bayan motar ɗaukar shanu da ta nufi Maigatari, ya sauka a hanya ya ƙaraso a babur. Aka yanka, aka sussuka, aka auna a gabansa, mata suna guɗa duk lokacin da aka ɗora buhu a sikeli.

Na rubuta kundin cikin sanyi, na kai aka buga da tafireta, Dokta ya yi masa jina-jina da jan biro, na sake. Aka sa ranar karewa ana saura kaɗan wa'adina ya cika. Doka ta ce sai an gayyato malami daga wata jami'a, wanda bai san ɗalibi ba, shi zai jagoranci tambayoyi. Wanda aka kawo mini wani dattijon farfesa ne marar fara'a. Tambayarsa ta farko ita ce wace hanya na bi na zaɓi gonakin. Na faɗa masa gaskiya, cewa ban zaɓa ba, surukina ne ya rabar. Ya sa na ba shi labarin tun daga farko, ya yi dariya har da tari, sannan ya gyara zama ya matse ni kamar bai taɓa dariya ba. Ya nuna mini inda awona yake da rauni saboda ƙasar gonakin ba iri ɗaya ba ce, na amsa abin da na sani, wanda ban sani ba na ce ban sani ba. Aka ce in fita in jira. Da aka kira ni, ya ce na ci, da 'yan gyare-gyare, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne in rubuta yadda irin ya isa gonakin nan kamar yadda na faɗa masa, kada in yi masa kwalliya.

A zamanin babu wayar hannu, don haka Ɗanzomo ba su da labari sai na je. Ban ko tsaya a Gumel ba, na wuce. Na sauka bayan la'asar, na tarar da dattawa a ƙofar gidan Baffa, ashe tun da aka ce yau ce ranar suke zaune a wurin. Na rage tsawo zan gaishe su, Malam Tanko bai bari na kai ƙasa ba.

"Malama, bar gaisuwar nan tukuna. Mun ci ko mun faɗi?"

Na ce, "Mun ci."

Wurin ya kaure da kabbara, guɗa ta tashi daga cikin gida, ta kama maƙwabta, ta bi gari. Baffa kaɗai ne bai motsa ba. Yana zaune a kan buzunsa, carbi a hannu, sai na ga hawaye yana bin gemunsa, yana ƙoƙarin rufewa da bakin rawani. Duk watannin nan ni ina ganin ni kaɗai ke ɗauke da tsoro, ashe tsohon nan ya fi ni. Da hayaniya ta lafa ya share fuska, ya dubi dattawan da ke gefensa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Da yarinyar nan ta faɗi, da ban san da wace fuska zan je gaban Allah ba."